Wai yawan yare na ruɗa yaro? Mu duba zancen daga nan Kebbi

Akwai maganganu biyu da ke yawo bakin mutane nan Kebbi, kuma duk biyun ina ganin ɓarna suke yi muna. Ta farko ta iyaye ce, musamman matasan ma'aikata da sunka saka yaransu makarantar kuɗi, wai kar a riƙa yi ma yaro Hausa ko Dakarci ko Fillanci a gida, kansa zai ruɗe ya kasa kama Turanci. Ta biyu ta manya ce, mutum na kai shekara talatin da wani abu sai ka ji ya ce ai ni kaina ya bushe, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ina ni ina koyon Larabci ko Turanci yanzu. Duk su biyun shekaru suke kallo da girman kai da ƙanƙantarsa, alhali abin da ke sa harshe ya zauna bakin mutum abu biyu ne, ya riƙa jinsa da yawa, kuma ya zamo yana da buƙatarsa. In akwai su yaro na ɗaukar uku ko huɗu, tsoho ma na ɗauka. In babu su, ko wanda anka haife ka cikinsa sai ya sulluɓe maka.

Abin da ke ban mamaki shi ne wai mu ne za mu ji tsoron yawan harshe. Je ka Kamba ka tsaya cikin kasuwa ka saurara, Gaya na nan tsallaken iyaka a Nijar, gaba kaɗan Malanville ta Benin, yaro mai tura baro zai yi ciniki da wannan da Dandanci, ya juya ya amsa ma wancan da Zabarmanci, ya yi ma uban gidansa Hausa, in lissafin sefa ya zo ka ji ya sako ƙidayar Faransanci, kuma ba wanda ya taɓa zaunar da shi aji kan ko ɗaya. Ƙasar Zuru yaro na tashi da C'lela, wato Dakarci, a gida, Hausa a kasuwa, Turanci a makaranta. Ga Fakkawa a Fakai, Acifawa wajen Sakaba, ga Gungawa da Kambari da Dukkawa ƙasar Yauri, ga Kyangawa wajen Illo, ga Fulani ko'ina. Mu Hausawa ne ma munka fi kowa zama da harshe guda, don kowa na zuwa ya same mu cikin namu. Sannan mu tuna wa ke kwance a Gwandu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo da Fillanci ya tashi, amma ya kai ga rubuta littattafan nahawu da sarfu na Larabci da har yau ake karantawa, ɗiyar wansa Nana Asma'u kuma ta yi waƙoƙi da Larabci da Fillanci da Hausa, da na Hausar ne 'yan taru ke karantar da matan ƙauye. Ban ji wanda ya taɓa cewa kansu ya ruɗe ba.

Toh daga ina tsoron ya fito? Su ma Turawan sun daɗe cikinsa. Farkon ƙarni na 20 masu bincike a Amurka sun riƙa ɗaukar yaran baƙin haure, talakawa da ba su daɗe da sauka ba, su yi musu jarrabawar basira da Turanci, yaran su faɗi, sai a rubuta wai harshe biyu ne ya dakushe su. Sai 1962 wasu masana biyu a birnin Montreal na Kanada, Elizabeth Peal da Wallace Lambert, sunka gwada yara 'yan shekara 10, sunka kula da cewa gidajen da yaran sunka fito arzikinsu ya zo ɗaya, sai ga masu Faransanci da Turanci sun wuce masu harshe guda a mafi yawan gwajin. Daga nan zancen ya juya. Yanzu har ya so ya wuce gona da iri, ana ta yaɗa cewa harshe biyu na ƙara kaifin ƙwaƙwalwa, yana jinkirta ruɗewar tsufa da wajen shekara huɗu kaman yadda Ellen Bialystok da abokan aikinta sunka samu a 2007, amma wasu sun maimaita irin gwaje-gwajen ba su ga haka ba, masana na nan suna ja-in-ja. Ni ban ma rataya hujjata a nan ba. Yaro ya iya hira da kakarsa kuma ya iya karatun boko, wannan kaɗai ya isa riba.

Abin da ba a ja-in-ja kansa shi ne kunnen jariri. A Faransa an gwada jarirai 'yan kwana huɗu, anka ga suna bambanta Faransanci da Rashanci, tun ba su san komi ba suna jin kiɗan harshen da sunka saba ji daga ciki. A 1984 Janet Werker da Richard Tees sunka nuna jariran gidajen Turanci 'yan wata 6 zuwa 8 na rarrabe wasu sautukan Indiyanci da iyayensu ba su iya rarrabewa, amma kafin su cika shekara guda abin ya gushe, kunne ya tattara kan sautukan da yake ji kullum ya watsar da saura. Wannan ne dalilin da ya sa baƙon da ya koyi Hausa da girma ke shan wuya da ɓ da ɗ da ƙ da kuma hawa da saukar murya, mu kuma muke fama da p da v na Turanci har a yi ta yi muna dariya a kudu. Yaron da ke jin harshe biyu tun yana goye kunnensa na riƙe sautukan biyun. Nan kam yaro ya fi babba, ba musu.

Sai zancen cakuɗa. Uwa ta ji yaronta ya fara jimla da Fillanci ya ƙare da Hausa sai hankalinta ya tashi. Yaron ba ruɗewa ya yi ba, kalmar da ta fi kusa da bakinsa ya ɗauko, kuma mu ya ji muna yi, wa ke cikinmu da ke minti biyar yana magana bai sako Turanci ko Larabci ba? An bi yara 'yan shekara biyu a Kanada anka ga suna ƙara yawan harshen uba in suna tare da uba, na uwa in suna tare da uwa, wato sun san biyu ne. Kalmomin da ya sani cikin kowane harshe na iya kasa na mai harshe guda da farko, gaskiya ne, amma in ka haɗa na biyun sai ka ga sun kamo.

Inda nake so iyaye su buɗe kunne shi ne jinkirin magana. Yaro kan fara kalmar farko wajen shekara guda, ya fara haɗa kalma biyu wajen shekara biyu, mai harshe ɗaya da mai biyu duk cikin wanga tsakani suke. In yaronki ya wuce biyu ba ya cewa komi, ba ya waigowa in an kira shi ta baya, don Allah kar a zauna ana cewa yaren uwarsa da na ubansa ne sunka haɗe masa. Mu muna cikin yankin sanƙarau, Zamfara ta ga annobarsa a 2017, ga ƙyanda, ga ciwon kunne mai ruwa da ake rainawa, duk suna kurmantar da yaro. A kai shi a duba kunnensa. Kuma ko da an samu yaro na da matsalar magana ta gaske, yanke masa harshe guda ba ya warkar da ita, sai dai ya raba shi da rabin danginsa.

Haɗarin gaske ba ruɗewa ba ne, ɓacewa ne, kuma shi ba ya zuwa da hayaniya. Wata masaniya Annick De Houwer ta bi gidaje kusan dubu biyu a Beljiyam inda ake wani harshe ban da na gari, ta samu wajen kashi ɗaya cikin huɗu yaran ba su magana da harshen gida sam, kuma abin ya fi faruwa inda iyayen ke yawan amfani da harshen gari tsakaninsu. Mun san wanga abu ko ba bincike. Bafakke ko Badakkare ko Bafillace ya dawo Birnin Kebbi aiki, yara na fita waje Hausa, islamiyya Hausa, rediyo Hausa, kaka ta zo ta yi musu yare su amsa da Hausa, ta ce kai ɗan nan ba ka jin maganarmu? ya ce Kaka ina ji mana, kuma da gaske yana ji, mayarwa ce ba ya yi don ya gane ko ya yi Hausa za a ba shi abin da ya roƙa. Shi mai ji ba ya mayarwa, ɗansa ko jin ba zai yi ba. Haka Kyangawa da yawa sunka koma Hausa da Dandanci, haka Shanganci ya rage a 'yan ƙauyuka, Gungawa da yawa ma Hausa ta fi ƙarfi bakinsu yanzu, balle bayan madatsar Kainji ta tashe su daga tsibiransu wajen 1968. Kuma kar a ce Hausa kaɗai ke haɗiye yare. Damakawa da ke wajen Sakaba C'lela sunka koma, lokacin da mai bincike Stuart McGill ya je wurinsu wajen 2008 abin da tsofaffi sunka iya tunowa na harshensu bai wuce kalma tamanin ba. Wallahi duk sanda na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, al'umma guda da sunayen itatuwansu da waƙoƙin bikinsu da addu'ar da uwa ke yi ma ɗanta, a ce abin da ya saura bai cika shafi biyu ba.

Don haka gidan da ke son yaro ya riƙe yare, dabarar ba ta wuce a sa yaren ya zamo yana da aiki ba. Uwa ta riƙe shi ko yaro ya amsa da Hausa, ta maimaita masa abin da ya faɗa da yaren ba tare da tsawa ba, a tura shi gida hutu ya yi wasa da sa'o'insa da ba su yi masa Hausa, in Badakkare ne a kai shi bikin Uhola na ƙasar Zuru ya ga harshen na da jama'a da ado. Ba dole sai an bi tsarin nan na uba harshe guda uwa harshe guda ba, gidajenmu ba haka suke ba, akwai kishiyoyi da gwaggo da kawu da 'yan riƙo, kuma wannan yawan baki alheri ne ga yaro.

Yanzu ga masu hana Hausa don Turanci. Na fahimci abin da suke gudu, WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake yi, aikin gwamnati da Turanci, ba uban da ke son a bar ɗansa baya. Amma duba abin da ke faruwa a zahiri. Uwar da Hausa ta iya zuba tatsuniya da habaici da lallashi da tambayar mi ya sa kaza, in anka tilasta mata Turanci sai maganarta da ɗanta ta koma zo, zauna, bari, ci abinci. Yaro ya tashi da guntun Turanci da guntuwar Hausa, ba wanda ya yi zurfi ciki. Alhali tunani da yaro ya gina cikin harshe guda yana ƙetarawa zuwa na biyu, wanda ya san yadda ake jero labari daga farko zuwa ƙarshe da Hausa, ya san harafi na wakiltar sauti, ya san raba goma gida biyu, in ya zo Turanci suna kawai zai sauya ma abin da ya riga ya sani. Jim Cummins da ya yi aiki kan yaran baƙi a Kanada ya nuna harshen hira na samuwa cikin kaman shekara biyu, amma harshen karatu, wanda ake fahimtar littafin kimiyya da shi, na cin shekara 5 zuwa 7. Can fa kenan inda Turanci ke ko'ina, titi da talabijin da filin wasa. Ina ga yaron Augie ko Bunza da ba ya jin Turanci sai bakin malami? Shi ya sa za ka ga ɗan nazare na rera gaisuwa da waƙoƙin Turanci iyaye na murna, ya kai aji biyar a ba shi ɗan sakin layi ya karanta da ƙarfi tsaf, ka ce toh mi anka ce? ya yi shiru.

Mu da ke da makarantar zaure bai kamata wannan ya zamo muna baƙo ba. Allo na gyara ma yaro harshe da kunne kan haruffan Larabci tun yana ƙarami, wanda shi ne lokacinsa, amma ma'ana sai an zauna gaban malam da Ahalari ko Ishmawi, ɗalibi ya ja Larabci malam ya fassara gaɓa gaɓa da Hausa ko Fillanci. Da harshen gida anka hau zuwa Larabci, kuma hanyar ta fidda malaman da Larabawa ke karanta rubutunsu.

Boko ma an gwada nan ƙasar. Daga 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani shiri a Ile-Ife inda anka karantar da yara duk darussa da Yarbanci shekara shida na firamare, Turanci na matsayin darasi guda a hannun malamin da ya ƙware, yaran ba su kasa takwarorinsu a Turanci ba, a sauran darussa ma sun yi gaba. Manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ta ce a fara shekarun farko da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a wurin. Shirin RANA da UNICEF ta kawo Zamfara da Katsina da Hausa ya koyar da karatu a ƙananan azuzuwa. A Nuwamba 2022 zamanin minista Adamu Adamu gwamnatin tarayya ta amince a kai abin shekara shida, sai a Nuwamba 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da an soke, a koma Turanci tun daga ƙasa, hujjarsa wai yankunan da sunka rungumi harshen gida su ne ke faɗuwa jarrabawa. Ni ban gamsu ba. Tsarin da ba a buga masa littattafai ba, ba a horar masa da malamai ba, yaushe anka yi shi har a ce ya gaza? Abin da ke cikin ajinmu ba karantarwa da Hausa ba ne, malami ne ke kwafe Turanci a allo, ya ɗan yi bayani da Hausa, yara su haddace, ga aji cike maƙil, ga yaran da rashin tsaro ya kora daga garuruwansu. A kira wannan laifin harshen uwa bai yi ba. Sai dai ni ma ba zan ɓoye wuyar abin ba, a jiha irin tamu in an ce harshen uwa ba Hausa kaɗai ake nufi ba, yaron Ribah ko Wasagu da ke shiga aji ɗaya da C'lela, in ka ɗora masa Hausa kai ma baƙon harshe ka ɗora masa, sai dai ta fi Turanci kusa da kunnensa.

Toh manya fa, da gaske ƙofa ta rufe? A 1978 Catherine Snow da abokiyar aikinta sun bi masu magana da Turanci da sunka koma Holan da zama, yara da matasa da manya, a watannin farko matasa da manya ne sunka fi saurin kama harshen, ƙananan sai daga baya sunka kamo. Babba na da dabara, ya san mi ake nufi da jam'i da tilo, yana iya tambaya, yana iya rubutawa. A 2018 Joshua Hartshorne da abokansa sun tattara amsoshin mutum wajen dubu 670 ta intanet, sunka ga ƙarfin koyon nahawu na nan da ƙwarinsa har wajen shekara 17, sannan ya fara sauka, kuma mai son ya zamo kaman ɗan gari ya fi kyau ya fara kafin 10. Sauka ne ba rufewa ba. Abin da babba kan rasa shi ne lafazin 'yan gari, wannan kuwa ba shi ke hana ciniki ko karatu ko wa'azi ba.

Shaida na gabanmu. Inyamurin da ke saida kayan gyaran mota a Birnin Kebbi ko Jega da gemunsa ya zo, yau har karin magana yake jefa maka, ɗan bautar ƙasa kuma da digirinsa zai yi shekara guda ya koma da ina kwana da nawa ne kaɗai, ba don wancan ya fi shi kai ba, shi abincinsa na cikin Hausa ne wannan kuwa kwanaki yake ƙirgawa. 'Yan ci-raninmu na dawowa daga Legas da Yarbanci da Buroka, mutanen Zuru da sunka cika aikin soja sun koyo harsunan bariki da girmansu, matan da sunka zauna Makka na dawowa da Larabcin kasuwa ko alif ba su rubutawa. Yaro na yini cur cikin harshe, ana yi masa magana a hankali ana nuna masa abu, ya yi kuskure a yi dariyar so a gyara. Babba kuwa awa biyu a sati yake ba abin, ga neman abinci, ga kunya, tsoron kar a ce Alhaji ya kwafsa gaban yara ya fi komi daƙile shi. Mai son koyo da girma ya nemi inda za a tilasta masa buɗe baki kullum ko na minti ashirin ne, ya riƙa sauraron abin da yake gane mafi yawansa ba wanda ya fi ƙarfinsa ba, ya fara da maganar sana'arsa, manhajar waya na taimakawa wajen kalmomi amma ba ta maye mutum mai amsa maka. Wanda ma ya tashi yana jin yaren gidansu ba ya mayarwa, shi ya fi kowa sauƙi, sautukan na nan kwance cikin kunnensa.

Wanda na fi so a fara koya ma harshe da girma kuwa shi ne malamin firamare, don ko Turanci zalla anka ce a yi, bakinsa ne kaɗai inda yaron ƙauye zai ji shi. Muna da kwalejin ilimi ta Adamu Augie a Argungu, muna da jami'ar tarayya a Birnin Kebbi. A zaunar da malaman aji ɗaya zuwa uku a gyara musu Turancinsu na baki, a koya musu yadda ake karantar da karatu da Hausa bisa ƙa'ida, sannan hukumar ilimin firamare ta jiha ta riƙa tura malamin da ke jin C'lela ƙananan azuzuwan ƙasar Zuru, mai jin Dandanci da Zabarmanci Kamba, mai Fillanci makarantun makiyaya. Wannan ba ya jiran wata sanarwa daga Abuja, jiha na iya fara shi da malaman da ke cikin albashinta yanzu.